Kan maganar ɗakin littattafanka

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, ka ce ka ware ɗaki ɗaya a sabon gidan don littattafai, kafinta ya gama kanta, kana so ka jera su bisa launi kamar yadda kake gani a Instagram, ja da ja, kore da kore, wai ko akwai abin da al'ada ta hana. To madalla da wannan niyya, Allah Ya sa albarka. Amma batun launin nan ka bar shi.

Mu yadda muka taso muka gani a zauren kakanka, littafi darajarsa ake bi. Alƙur'ani shi ne a can sama, ba a ɗora komai a kansa ko da tabarau ne ko carbi, sai tafsiri a ƙasansa, sai hadisi, sai fiƙihu su Ahalari da Iziyya da Risala, sannan nahawu da lugga. Naka na boko da na aikinka ka ba su nasu ɓangaren, suma ilimi ne, sai dai kar bin launi ya sa wani littafin ƙagaggen labari ya hau kan Mus'hafi don kawai bangonsu ya zo ɗaya. Kuma ka duba inda za ka sa kujera ko darduma, kar ya zama in mutum ya miƙe ƙafa tana kallon kantar Alƙur'ani, haka bangon da ya haɗu da banɗaki kar ka jingina ta a nan.

Gafakar marigayi kakanka kuwa da ka ce za ka buɗe ka baza takardun a gilashi don ado, don Allah kar ka yi. Warƙoƙin nan ba ɗinkakku ba ne, kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ita ke nuna wadda ke bi mata, in suka hargitse sai malami ya zauna kwana da kwanaki kafin ya mayar da su. Ni na sha riƙe masa fitila yana jera su a kan buzu. Ka bar su cikin tadarishinsu, ka rataye gafakar a ƙusa kamar yadda yake yi, ita kanta jar fatar nan ado ce babba. In maɗaurin ya tsinke akwai dukawa a Kasuwar Kurmi, za su gyara maka.

Kanta kuma a ɗaga ta daga ƙasa, a ɗan ja ta daga bango saboda gara da danshin damina, ka sa mata ƙofar gilashi don ƙurar hunturu. Hoton mutum kar ka liƙa tunda za ka riƙa nafila a ciki, in bangon ya yi maka fayau ɗauko allon zayyanarka na sauka, yana nan cikin adakar Hajiya, ka rataye. Ka shimfiɗa tabarma ko buzu a gefe guda saboda yara su riƙa shigowa biya karatu bayan magariba.

In ka shigo ranar Juma'a ka tuna min in ba ka kurtun tawadar marigayi, yana wurina.