Amsar tambayar juyen baƙin mai a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, na ji tambayarka, ka ce in mutum ya riƙa yi wa motarsa sabis da kansa a gida, nawa zai kashe, kuma akwai sauƙi ko babu. To Allah ya ba ka nasara, bari in faɗa maka gaskiya, sauƙin kuɗin ba shi da yawa. A Amurka da Ingila bakanike da awa yake caji, shi ya sa Bature ke shiga ƙarƙashin motarsa. Mu a nan kuɗin hannu shi ne ƙarami a lissafin juye. Wasu gidajen man ma in ka sayi galan a wurinsu, su juye maka, sai ɗan abin da ka ba yaro. Kuɗin yana kan mai da filta, kuma waɗannan ko kai ka yi ko gareji, sai ka saya.

Mu ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko Camry mai injin 2.4. Suna shan wajen lita 4, wasu da ɗan ɗori. Ka duba littafin motar, domin in taka mai ɗorin ce, galan ɗin lita 4 ba zai cika ta ba, gara ka ɗauki mai lita 5, ragowar ka ajiye na ciko. Lambar man Corolla ɗin nan 5W-30 ce. Mutanenmu na zuba 20W-50 wai ƙasarmu da zafi, alhali mai kauri yana jinkirin hawa saman inji da safe. In dai injin bai tsufa yana hayaƙi ba, ka bi abin da aka rubuta a murfin mai. Sai filta ɗaya, sai ɗan woshan notin juye, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma kowa ke mantawa da shi.

Kayan aiki kuwa sau ɗaya ake saya: sifana 14 ta notin Toyota, in Honda ce 17, abin kwance filta, mazurari, roba mai faɗi ta tarar mai, da ƙarafunan da ake ɗora mota a kansu. Ka haɗa kuɗinsu, ka raba da kuɗin hannun da garejinku ke karɓa, nan za ka ga juye nawa za ka yi kafin kuɗinka ya dawo. Mai juye sau uku a shekara zai daɗe yana jira. Kuma don Allah, jak ɗin canza taya ba na kwanciya ƙarƙashi ba ne. Bulon siminti ma fashewa yake yi.

Aikin kansa, ka tayar da inji minti 5 mai ya saki jiki, ka kashe. Ka kwance noti, ka bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. To nan ne asara take. Wajen mayarwa, ka fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sannan ka sa sifana ka ja daidai. In ka fara da sifana ya shiga a karkace, ko ka danne shi da ƙarfin tsiya, haƙoran kaskon mai sun tafi, daga nan sai yoyo, sai cire botom fileti, wato kaskon man, ribar shekara biyu ta tafi rana ɗaya. Filta kuma, da ka cire tsohuwar ka juya ta ka duba, baƙar robar nan ta zagaye tana jikinta? Wani lokaci takan maƙale a jikin inji. Ka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ke nan, kana tayarwa mai zai yi tsartuwa, in ba ka lura da jar fitilar mai ba inji ya buga. Ka shafa wa sabuwar robar ɗan mai da yatsa, ka ɗaure da hannu kawai, bayan ta taɓa ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ka zuba mai, ka tayar minti ɗaya, ka leƙa ƙasa, ka kashe, ka jira minti 5 a wuri mai daidai, ka ja geji, wato sandar duba mai. Tsakanin ɗigo biyun nan na jikin gejin ake so man ya tsaya, wuce na sama ba gwaninta ba ce, sil yake lalatawa.

Inda ribar take, a ganina, ka san abin da ya shiga injinka. Jabun mai ya yi yawa, ana tara tsofaffin galan a sake cikawa. Ka saya wurin dila ko gidan man da ka yarda da shi, ka duba hatimin murfi, in ka gama ka huda galan ɗin. Filta ma haka, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, kwali iri ɗaya kaya kala uku, ka ce a ba ka mai kyau ka biya. Da ƙurarmu da go-sulo, man da ba sintetik ba kar ya wuce kilomita 5,000.

Filtar iska kowa zai iya, kilif ne ka ɓalle, da hunturu ka riƙa dubawa duk wata. Fulogi sifana 16, amma sai inji ya huce sarai, domin kan injin alminiyom ne. Man giya kam ka bar wa masu shi, Corolla ɗin nan mai lamba T-IV take sha, Camry daga 2007 WS, wasu ma ba su da geji. Birki ma haka, in ba ka taɓa zama an yi a gabanka ba.

Af, tsohon man, kar a zuba a kwata. A mayar da shi jarka, masu sayen kwandem za su karɓa. Wassalam.