Hukuncin koyon jifa da wuƙa da gatari don nishaɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina yawan ganin bidiyon masu jifa da wuƙa ko ɗan gatari su kafe shi a allon katako, kuma abin ya shiga raina har ina son in fara koya. Wani abokina ya ce wasa da makami haramun ne, wani kuma ya ce ai sunna ce ma, tunda Annabi (SAW) ya yi umarni da harbi. Wanne ne daidai? Kuma in mun haɗa kuɗi wanda ya fi maki ya kwashe, ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abokanka biyu kowanne ya riƙo gaskiya ta gefe ɗaya, ya saki ɗayan. Asalin wannan wasa halas ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a cikin masallaci, Annabi (SAW) yana tsaye, Nana A'isha (RA) tana kallo ta bayansa. Da wasa da makami haramun ne a kan kansa, da ba a bar shi a masallaci ba. Haka Annabi (SAW) ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbi, ya ce musu: “Ku yi harbi ya 'ya'yan Isma'ila, domin babanku maharbi ne.” Sai dai ban ga dalilin kiran jifan allo don hutawa sunna kai tsaye ba. Harbin da aka kwaɗaitar a kai shi ne wanda Annabi (SAW) ya fassara ƙarfi da shi a aya ta 60 ta Suratul Anfal, wato tanadin kare al'umma. Wasan gatari a yadda ya yaɗu yanzu ya taso ne daga birnin Toronto na Kanada wajen 2006, kuma don nishaɗi da gasa aka tsara shi. Mubahi ne, in ka haɗa da niyyar motsa jiki da kauce wa zaman banza, sai ka samu ladan niyyarka.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin da kake jifa, da wanda yake kusa da kai. Ibn Umar (RA) ya wuce wasu samari sun kafa tsuntsu suna harbinsa, ya ce Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin koyon harbi. Don haka ba kaza, ba kyanwa, ba ƙadangare. To ina ga mutum? Irin abin da ake nunawa, a tsayar da mutum jikin allo ana kewaye shi da wuƙaƙe, ko a ɗora masa wani abu a kai a ce za a jefe, haramun ne ga mai jifan, haramun ne ga wanda ya tsaya, ko da kuwa ya yarda, domin jikinsa amana ce, ba mallakarsa ba. Ƙwarewa ba hujja ba ce a nan. Annabi (SAW) ya ce kada ɗayanku ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A ruwayar Muslim kuwa, mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya daina, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Nuni kawai ke nan, ba a kai ga saki ba. Wannan ya haɗa da ɗaga gatari kan aboki don a ɗauki hoto ko a yi dariya.

Shari'a ta kula har da yadda ake riƙe makami. An umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya karci wani, an kuma hana miƙa wa mutum takobi a zare. Daga nan nake ganin ƙa'idojin da masu wannan wasa suka sanya wa kansu sun zama wajibi a kanka gwargwadon yadda suke kare cuta. Wuƙar jifa ƙarfe ɗaya ce tun daga ƙota har baki, tsini gare ta amma gefenta ba kaifi, saboda haka kada ka fara da wuƙar yankan nama ko mai naɗewa. Duba ƙotar gatari kafin kowane jifa. Allon ya zama katako mai taushi, domin ƙarfen da bai kafu ba yakan yi tsalle ya dawo, kuma nan sababbin koyo suka fi jin ciwo. A gasar gatari mai jifa yana tsayawa kimanin ƙafa 12 daga allo. Ka bar fili fiye da haka a gefe da baya, ka sa takalmi mai rufe yatsu, kada kowa ya je ciro nasa sai kowa ya gama jifa, kuma a ɓoye kayan daga yara. Wanda ya yi sakaci ya raunata wani, cewa “wasa nake” ba ta ɗauke masa diyya. Ka kuma binciki dokar inda kake, domin ƙasashe da yawa sun hana yawo da irin waɗannan wuƙaƙe a bainar jama'a ba da dalili ba.

Batun kuɗi kuwa, yadda ka siffanta shi caca ce: kowa ya zuba, kowa yana tsakanin ci da asara. Haka in aka ce wanda aka cinye shi zai biya kuɗin hayar wurin. Hadisin Abu Huraira (RA) da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita kyautar gasa a kibiya da raƙumi da doki. Malikiyya sun tsaya a kan waɗannan uku, kuma Shaihu Khalil ya ce a littafinsa Mukhtasar gasa a abin da ba su ba ta halatta in ba a sa kyauta ba. Shafi'iyya sun faɗaɗa, sun shigar da mashi da duk abin da yake amfani a yaƙi, to amma su ma ba su yarda duka 'yan gasa su zuba kuɗi ba sai in akwai ɗan gasa na uku da bai zuba komai ba, kuma shigar da gatarin nishaɗi cikin kayan yaƙi a yau abu ne da zuciyata ba ta natsu da shi ba. Ku yi gasarku kyauta. In wani da ba ya cikin gasar ya ba da tukuici daga aljihunsa, malamai da dama na wannan zamani sun halatta, ni ma ban ga laifi ba.

Abu na ƙarshe: da yawa daga wuraren wannan wasa a Amurka da Kanada da Ingila ana sayar da giya a cikinsu. Tirmizi ya ruwaito hanin zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, sannan tsayawa kusa da mai maye yana wurga gatari ganganci ne da rai. Nemi wurin da ba a sha, ko ka kafa allonka a filin da ba mai wucewa, kuma in an kira salla ka ajiye.

Wallahu a'alam.