Ku Tambayi Likita: Hukumar Lafiya ta Duniya za ta biya kuɗin wankin ƙoda?

Tambaya: Likita, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wata huɗu ke nan yayana yana wankin ƙoda, har gonar gado mun sayar. Na ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ciwon ƙoda da muhimmanci. Za ta riƙa biya mana ke nan?

Amsa: Malam, Allah ya ba yayanka lafiya. Ba zan yi maka rufa-rufa ba, ba za ta biya ba. A watan Mayun 2025 ƙasashe suka amince da wani ƙuduri a babban taron hukumar a Janiba, wanda ƙasar Gwatamala ta jagoranta. Kira ne ga gwamnatoci su sa ƙoda cikin lissafinsu, musamman a gano ciwon da wuri. An ƙiyasta mutum miliyan 850 ke fama da shi a duniya, yawancinsu ba su ma sani ba. Amma ƙuduri takarda ne, sai kowace ƙasa ta sa shi a kasafinta.

Abin da zai amfane ku yau shi ne ragin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, daga naira 50,000 zuwa 12,000 kowane wanki. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba da asibitin tarayya na Ebute Metta suna cikin jerin. Ka je da kanka ka tambayi yadda ake shiga layi.

Yanzu bari in juyo kanka, domin kai ne ka fi damuna. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura an yi nisa. Hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen lalata ta, kuma suna bin dangi. Yaushe rabonka da awon jini?

Na san kasuwarku. Mai dako ya wuni da buhu a ka cikin rana, bai sha ruwan kirki ba, da magariba ya watsa haɗin maganin ciwon jiki daga kemis, sau da yawa da diclofenac ko ibuprofen a ciki, ya bi da jiƙon gargajiya. Kullum haka! Wannan ni a wurina ya fi yawan cin gishiri ban tsoro wajen lalata ƙoda.

Cikin makon nan ka je a auna jininka da sugarka, a yi maka gwajin fitsari da na jini don duba ƙoda. Ka tafi da ƙannenku.