Amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila karatun lafiyar al'umma

Ƙanwata, saƙonki ya iso, ina taya ki murnar samun gurbin digiri na biyu, Allah ya sanya albarka. Kin ce kin duba tsarin kwas ɗin kin ga yawancin makin ba daga zauren jarrabawa zai fito ba, daga nazarin lamari ne: a ba ki labarin wata annoba ko wani shiri da aka gudanar a wani wuri, a ce ki warware shi a rubuce. Kin ce ke a hadda kika fi ƙarfi, da ita kika fito da sakamako mai kyau a gida, kina tsoron kada ki zo nan ki ji kunya.

Kada ki bari kowa ya raina miki haddarki, za ta yi miki rana a darasin ƙididdiga da na yaɗuwar cututtuka. Sai dai a nazarin lamari malami ya riga ya san kin karanta, shi ya ba ki takardun. Abin da yake nema shi ne ki yanke hukunci, ki nuna hujjar da kika tsaya a kai, ki kuma faɗi inda hujjar taki take da rauni kafin wani ya faɗa miki.

Akwai lamarin da da wuya ki gama shekarar ba ki gamu da shi ba. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, cikin kwana goma mutum sama da 500 suka mutu. A wancan zamani manyan likitoci sun yarda cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya gano yawancinsu daga famfon titin Broad suke sha. Ya shawo kan hukumar unguwar, ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon.

Wanda ya tsaya a hadda nan zai ajiye biro, ya ce an cire hannun famfo annoba ta tsaya. Malami kuwa sai ya ce, kin tabbata? Idan kika duba mace-macen kowace rana za ki ga sun fara raguwa tun kafin a taɓa famfon, domin mutane da yawa sun riga sun gudu daga unguwar, kuma Snow da kansa ya faɗi haka. To ina ƙarfin hujjarsa yake? Yana wurin waɗanda ba su dace da lissafi ba. Gidan marasa galihu da ke titin Poland yana da mutum 535 a tsakiyar annobar, biyar kawai suka mutu, ashe rijiyarsu daban. Ma'aikatan kamfanin giya da ke kan titin Broad ɗin kansa babu wanda ya mutu, domin ba sa shan ruwan famfon. Sannan wata mata a Hampstead, can nesa da Soho, ta mutu da cutar. Da aka bincika sai aka ji ruwan famfon nan ake kai mata har gida don tana son ɗanɗanonsa. Iska ɗaya duk 'yan unguwar suka shaƙa, ruwa ne ya bambanta su. Irin wannan tono ake ba maki.

Ke kuma za ki zo da abin da yawancin 'yan ajinki ba su da shi, kuma shi ya sa nake so ki daina jin tsoro. Ɗauki gubar dalma ta Zamfara a 2010. Yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka gwada jini, aka ga dalma ce. Duwatsun zinare ake kawowa gida ana daka su, ana niƙa su a tsakar gida, ƙurar dalma tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a ƙasar da ta gurɓata, sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki, saboda kuɗin bai fito da wuri ba.

Idan aka kawo wannan a aji, za ki ji ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce a haramta haƙar zinaren kawai. Ke kin san magidancin da noman damina bai kai shi rani ba ba zai bar zinare don an kafa doka ba, ɓoyewa zai yi, ya mayar da dakan cikin ɗaki inda ƙurar ta fi illa. Kin san wa ke da turmi a gida, kin san ba kowane namiji ke shiga tsakar gidan wani ba ko da ya zo da takardar gwamnati, kin san abin da maganar hakimi da ta liman ke iya yi. Wannan sani zinare ne a hannunki. Amma a takarda ba za a karɓi “na sani domin can aka haife ni” ba. Sai ki nemo rahoto ko bincike da ya goyi bayan abin da idonki ya gani, ki ajiye shawararki kusa da ta mai cewa a haramta, ki auna kuɗi da lokaci da wanda zai cutu a kowace, sannan ki zaɓa. Ni a ganina ɗalibanmu sun fi asarar maki a wannan gaɓa: su cika shafuka da bayanin abin da ya faru, hukuncin ya zo a layi biyu na ƙarshe kamar ana jin nauyin faɗarsa. Juya shi za ki yi. Labarin a taƙaice, tunda mai duba takardar ya san shi. Sauran filin na awo ne.

Sai batun aji. An tarbiyyantar da mu kada mu ja da malami, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a nan shirunki cikin tattaunawa ana iya ɗaukarsa a matsayin ba ki yi karatu ba. Ki ce, “Ban gamsu da wannan ba, ga dalilina,” cikin ladabi. Malamin zai ji daɗi, sau da yawa ma da gangan yake jefa magana mai rauni don ya ga wa zai kama. A aikin rukuni kuma kada ki karɓi aikin haɗa rubutu kawai ki bar wa wasu tunanin.

Kada maki ya firgita ki. A yawancin jami'o'in nan 50 ne makin tsallakewa a digiri na biyu, 60 abin yabo ne, 70 kuma shi ne ƙololuwa, ba kasafai ake wuce shi da nisa ba. Idan kika ga 64 a aikinki na farko ki gode wa Allah, ki karanta sharhin da malami ya rubuta a gefe layi-layi. Ki kuma lura shekara ɗaya ce tak, aikin farko yakan zo tun kina neman hanyar ɗakin karatu.

Saboda haka kafin bizarki ta fito, ki zaɓi abu ɗaya da ya faru a garinku, ko amai da gudawa na wata damina, ko unguwar da aka ƙi karɓar rigakafi. Ki rubuta shafi biyu: me aka tabbatar, me ake zato kawai, wa ya kamu da bai kamata ya kamu ba, wa ya tsira, kuma da ke ce shugabar sashen lafiya ta ƙaramar hukuma da kuɗi kaɗan a hannu, me za ki fara yi ranar Litinin. Ki turo mini, zan duba in mayar miki da tambayoyi irin waɗanda za a yi miki a nan. Ki gaishe da su Umma.