Makaman barade ko takobi mai tauraro biyar? Amsar wasiƙunku kan Genshin Impact

Genshin Impact wasan bidiyo ne da ake bugawa a waya, inda kake tara jarumai da makamansu. Tambaya ta farko daga wani matashi ce a wani ƙauye da ke kusa da Ringim: "Yaya, wata biyar ke nan ina buga Genshin Impact a wayata, na tara Primogem 6,000. Abokina da muke haɗuwa a shagon caji ya ce in zuba su duka wajen neman takobi mai tauraro biyar, wai makaman Favonius da nake riƙe da su na talakawa ne. In zuba?"

Ƙanena, kada ka zuba. Bari mu fara da lissafi. Primogem su ne kuɗin cikin wasan. Kowane jefi ɗaya, wato gwada sa'a sau ɗaya, a rumfar makamai Primogem 160 yake ci, kuma wasan bai yi maka alkawarin makami mai tauraro biyar ba sai a jefi na 80. Wato 12,800 ke nan, kai kuwa ko rabi ba ka tara ba. Ko ya fito ma, makamai biyu ake tallatawa a lokaci guda, ba dole ne wanda ranka yake so ya faɗo ba. Ni da nake gaya maka na taɓa ƙonewa. Damina guda na yi ina tari, na hau kan katangar gidanmu da daddare don a nan ne kawai sabis yake kamawa, na zube komai a zama ɗaya, sai ga baka ya fito mini alhali ba ni da maharbin da zan miƙa wa. Har yau yana nan a jaka kamar garmar da ba shanu.

Maganar "na talakawa" kuwa, abokinka ya faɗi gaskiya bai sani ba. A labarin wasan, birnin Mondstadt ya daɗe a hannun wasu gidajen sarauta da suka zama azzalumai, musamman gidan Lawrence. Wajen shekara 1,000 kafin zamanin da kake bugawa, akwai wata baiwa mai jan gashi, Vennessa, wadda suke sakawa a fili tana faɗa su suna kallo don nishaɗi. Ita ce ta ja ragamar boren da ya kifar da su, daga nan ta kafa rundunar baraden Favonius. Sunan kansa na iskar yamma ne a harshen Latin. Ƙatuwar bishiyar nan ta Windrise da kake wucewa a guje kana neman akwati, da sunanta ake tunawa da ita. To makaman Favonius kayan aikin waɗannan barade ne: takobi, ƙaton takobi na hannu biyu, mashi, baka da kuma littafin masu sihiri. Kowane jarumi a wasan ɗaya daga cikin waɗannan iri biyar yake riƙewa, don haka babu wanda zai rasa nasa a gidan.

Abin da ya sa tsofaffin hannu ba sa raina su shi ne ba don mai riƙe da su kaɗai aka ƙera su ba. Idan sara ya shiga da kyau, irin wanda lambarsa ke fitowa da girma, makamin yana zubo 'yan ƙwayoyin haske da ke cika wa jarumanka ƙarfin babban bugunsu. A matakin farko sau 60 cikin 100 yake yi, sau ɗaya a daƙiƙa 12. Idan ka sami irinsa guda biyar ka narke su wuri ɗaya, ba ya kuskure, kuma duk daƙiƙa 6 ne. Kamar aikin gayya ne, mutum ɗaya ya riƙe tulu kowa ya sha. Sharaɗin kawai ka ɗaga wa mai riƙe da shi yawan irin wancan saran, in ba haka ba ka rataya masa ado ne. Bakan ma kyauta ake ba ka bayan ka gama karawa da dodon sama Dvalin a farkon labari. Duba jakarka, na tabbata yana ciki ka manta da shi.

Primogem ɗinka ka ajiye wa sabon jarumi. Jarumi yana canza yadda kake buga wasan, makami lamba kawai yake ƙara maka.

Wata 'yar makarantar sakandare daga wajen Kazaure ta ce: "Na tara Starglitter (wani nau'in kuɗin wasan da ake samu wajen jefi) 24, in ɗauki takobin Royal a shagon Paimon na cikin wasan? Sunan ya burge ni."

Ƙanwata, sunan ne kawai. Waɗannan su ne makaman masu sarautar da Vennessa ta kora, kuma sai ka ce da gangan aka yi, a wajen aiki ma baradensu sun fi su. Ƙarin da suke ba ki yana taruwa kaɗan-kaɗan, da zarar babban sara ya shiga sai ya goge, a koma farko. Ki ƙara haƙuri ki kai 34 ki karɓi jarumi a shagon. In takobi kike buƙata yau, je maƙerar Wagner a Mondstadt, yana ƙera masu tauraro huɗu idan kin kawo masa ƙarfe da zubin da manyan dodanni ke yarwa.

Wasiƙa ta uku ta fi sauran nauyi, daga wani magidanci a ƙasar Dambatta: "Malam, na sayar da riɗina, sai yarona ya zo wai in ba shi kuɗi zai sayi makami a cikin waya. Ni ban gane ba. Makamin mene ne, kuma ya dace in ba shi?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka kwantar da hankalinka, ba ƙarfe ba ne, zane ne a cikin wasan tatsuniya da wani kamfanin ƙasar Sin, miHoYo, ya fitar a watan Satumbar 2020. Shiga wasan kyauta ne, kuma ana iya bin labarinsa ba a biya ko kwabo ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin manyan makaman ba a sayar da su kai tsaye kamar yadda za ka je kasuwar Dambatta ka nuna fartanya ka biya ka ɗauka. Kuɗin damar gwada sa'a ake saye da su, ko ya fito ko kada ya fito. Ni a idona wannan ya yi kama da caca, hukuncinsa kuwa sai ka tuntuɓi malamin da ka yarda da shi. Ko tsarinsu na wata-wata, na dala 4.99 a wata, Primogem 3,000 yake tarawa, kuma sai yaro ya shiga kullum har kwana 30 kafin ya kwashe su. Sai ya yi wata huɗu da ɗoriya yana biya kafin ya kai adadin da na lissafa a sama, ban da kuɗin data, don wasan ba ya tafiya sai da intanet. Da ni ne, ba zan bayar ba. Ka ce masa akwai mashi mai kyau ƙwarai da ake kira The Catch, wanda ake samu da kamun kifi a yankin Inazuma na cikin wasan, ba a biyan komai sai haƙuri. Kuma kada ka bari ya haɗa katin bankinka da wayar, ko sau ɗaya.

Na ƙarshe, wani daga Gumel ya ce an yi masa tayin asusun wasa a Facebook mai ɗauke da makaman Skyward, masu tauraro biyar, guda uku, da araha. Ɗan'uwa, dokar kamfanin ta hana cinikin asusu, kuma wanda ya buɗe shi da imel ɗinsa yana iya ƙwace abinsa bayan ka tura kuɗi, ba ka da inda za ka kai ƙara. Ka kuma ce wayarka giga 32 ce, wasan shi kaɗai ya haura giga 20. Fara neman waya tukuna.