Amsoshin tambayoyinku: adana teburin hanyoyin gajimare, a sayi manhaja ko a rubuta da kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da hanyar sadarwar wani kamfani a Kano. Muna da VPC (keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa) guda bakwai a AWS, wato gajimaren Amazon, dukansu a haɗe ta mahaɗar da ake kira Transit Gateway, ga kuma VPN, wato tsararren layi, zuwa ofishinmu. A watan jiya wani reshenmu ya yanke tun safe, ba mu gano abin da ya canza ba sai bayan la'asar. Yanzu wani dillali ya kawo mana manhajar sa ido, lasisinta a dala duk shekara, ya ce za ta riƙa adana mana teburin hanyoyi, wato jerin da ke nuna inda kowane saƙo zai bi. Oga ya ce in ba shi shawara. Mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan adana teburin ne kaɗai buƙatarku, kada ku saya. AWS ta riga ta tanadi umarni na musamman domin wannan aiki, sunansa export-transit-gateway-routes. Abu biyu kawai yake nema: lambar teburin, wadda take farawa da tgw-rtb, da sunan bokitin S3 (ma'ajiyar fayiloli ta AWS) da za a zuba a ciki. Yana rubuta dukan hanyoyin a fayil ɗin JSON, ya dawo maka da adireshin inda ya ajiye. Sunan fayil ɗin yana ɗauke da lambar asusu da yanki da lambar teburi da lokaci, don haka na yau ba zai danne na jiya ba. Idan Python kake rubutawa, a boto3, kayan aikin AWS na Python, sunansa export_transit_gateway_routes.

Ga yadda zan tsara shi da ni ne kai. Ƙaramin aikin Lambda (sabis ɗin AWS mai gudanar da rubutunka ba tare da ka tanadi inji ba) ya fara kiran describe-transit-gateway-route-tables ya samo jerin teburori, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fitarwa. EventBridge Scheduler, agogon AWS mai tashin aiki a kan lokaci, ya riƙa tashe shi kowace awa. Layi ashirin zuwa talatin ya wadatar. Ka lura cewa Transit Gateway na yanki ɗaya ne. Idan kuna da kaya a Ireland da kuma Cape Town, dole rubutun ya ziyarci kowanne, kuma yankin Cape Town, da aka buɗe a 2020, sai an kunna shi a asusu kafin ya amsa kira.

Mu yi lissafin kuɗin. A ce teburi biyar ne, ana fitarwa kowace awa: fayil 3,600 ke nan a wata. A ce kowanne ya kai kilobait 200, wanda ma na yi masa yawa, jimilla ba ta kai gigabait ɗaya ba. A yankin Virginia, S3 na karɓar kusan dala 0.023 a kan gigabait ɗaya a wata, da dala 0.005 a kan rubutu dubu. Duk a haɗe bai kai santi biyar ba a watan farko. Lambda kuma na ba da kira miliyan ɗaya kyauta duk wata. Kwatanta wannan da takardar dillalin, ka kai wa oga.

Amma fa zuba fayil a bokiti ba shi ne zai hana ku kwana a ofis ba. Amfanin yana cikin kwatanta na yanzu da na awar da ta wuce. Ɗauki misali. Reshenku yana cikin 10.20.0.0/16, hanyar da VPN ya sanar ta BGP, tsarin da na'urori ke sanar da juna hanyoyi da shi. Wani abokin aiki, yana gwajin wani abu, ya ƙara tsayayyar hanya 10.20.5.0/24 zuwa wani VPC daban. Babu abin da ya goge, babu jan haske a ko'ina, VPN yana nan lafiya lau. Sai dai Transit Gateway kullum yana bin hanyar da ta fi ƙayyade adireshi, don haka duk saƙon da ya nufi 10.20.5.x ya karkata. Haka kuma idan adireshin iri ɗaya ne, tsayayyar hanya ce take rinjayar wadda aka sanar. Mai fayil ɗin ƙarfe bakwai da na ƙarfe takwas zai ga sabon layin cikin minti biyu. Wanda ba shi da su sai ya yi ta laluben duhu har la'asar. Don haka ka sa rubutun ya jera hanyoyin bisa adireshi kafin ya kwatanta, don kada sauyin jeri kawai ya riƙa tashinka da dare, sannan ya turo bambancin ta SNS, sabis ɗin sanarwa na AWS, zuwa imel ɗinku.

Yaushe manhajar dillalin za ta cancanci kuɗinta? Idan kayanku sun warwatsu tsakanin AWS da Azure (gajimaren Microsoft) da na'urorin ofis, kuma kuna son taswira guda da za ta bi saƙo daga farko zuwa ƙarshe. Ko a nan ma, ku fara gwada Network Manager na AWS, wanda yake da Route Analyzer mai bin diddigin hanya. Ku tambayi dillalin abin da manhajarsa take yi wanda wannan bai yi ba, ku sa ya nuna muku a kan hanyar sadarwarku, ba a kan allon tallarsa ba.

Tambaya: Mu duk hanyoyinmu a Terraform suke, manhajar da ake rubuta tsarin gajimare da ita, kuma suna cikin Git mai adana tarihin kowane gyara. Wane amfani fitarwa zuwa S3 zai ƙara mana? Ni dai gani nake aiki biyu ne. Daga wata 'yar'uwa a Abuja.

Amsa: Malama, kin yi abin da ya dace, amma Terraform abin da kuka rubuta ya sani, ba abin da ke faruwa yanzu ba. Hanyoyin da aka sanar daga VPN ko Direct Connect (keɓaɓɓen layi zuwa AWS) ba sa cikinsa. Suna zuwa su tafi gwargwadon abin da na'urar ɗaya ɓangaren take faɗa. Idan injiniyan ofis ya daina sanar da wani adireshi da tsakar dare, Git ɗinku ba zai motsa ba. CloudTrail ma, kundin ayyukan asusun AWS, kiran da mutum ko manhaja ta yi wa AWS yake rubutawa, ba sanarwar BGP ba.

Sai dai ki riƙe Terraform ɗin da kyau, domin fayil ɗin da aka fitar ba a mayar da shi da dannawa ɗaya. Babu umarnin da yake shigo da shi ya gyara teburi. Shaida ce kawai ta yadda abu yake a wani lokaci. Kuma bai cika ba shi kaɗai: ki haɗa da get-transit-gateway-route-table-associations da get-transit-gateway-route-table-propagations, su ne za su nuna wane VPC ne yake amfani da wane teburi, kuma wa yake sanar da hanya a ina. Yawancin rikicin da na sani daga nan yake fitowa, ba daga hanyoyin kansu ba.

Ina jin wasu na cewa search-transit-gateway-routes ya ishe su. Ga ƙaramin teburi, haka ne. Amma bincike ɗaya ba ya dawo da fiye da sakamako 1,000, alhali Transit Gateway yana iya ɗaukar hanyoyi har 10,000. Umarnin fitarwa shi ne na kwashe komai, kuma yana karɓar matata: za ki iya cewa ya fitar da masu halin blackhole kawai, wato hanyoyin da ke zubar da saƙo, ko dai da gangan ko don an cire abin da suke nuni gare shi.

Tambaya: Don rage kuɗi, in sa fayilolin su wuce Glacier, ajin S3 mai arha na ajiyar dogon lokaci, kai tsaye?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wannan shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ko ajin Standard-IA, na fayilolin da ba a cika buɗewa ba, yana cajin kowane fayil kamar ya kai kilobait 128 ko da bai kai ba, kuma sai ka biya na kwana 30. Glacier Flexible Retrieval kwana 90 ne, Deep Archive kwana 180, ga ƙarin kusan kilobait 40 a kan kowane fayil, ga kuɗin mayar da shi can. Sannan ranar da reshe ya yanke, za ka zauna jiran awanni kafin fayil ya fito daga Deep Archive. Ka bar su a Standard, ka sa dokar da za ta goge na awa-awa bayan wata uku. Idan masu binciken ƙa'ida suna son tarihin shekaru, ka dunƙule na kowane wata a fayil ɗaya ka tura wancan.

Inda ya kamata ka sa hankali shi ne tsaro. Fayil ɗin taswirar cikin gidanku ce. Tun 2023 sababbin bokitai suna zuwa da ɓoye bayanai da toshe ƙofar jama'a, kada ka buɗe. Ka ba Lambda izinin duba teburori da fitarwa, da na karatu da rubutu a wannan bokitin kaɗai, ban da gogewa, ka kuma kunna Versioning mai ajiye tsohon kwafin kowane fayil.

Tambaya: Ba mu da Transit Gateway, VPC biyu ne kawai da peering, wato haɗi kai tsaye tsakaninsu. In haɗa shi don in samu wannan umarnin?

Amsa: Ko kusa. Kowane haɗi da Transit Gateway yana cin kusan dala 0.05 a awa a Virginia, wato wajen dala 36 a wata, ga dala 0.02 a kan kowane gigabait da ya ratsa. Teburin VPC na yau da kullum ba shi da umarnin fitarwa, amma describe-route-tables yana ba ka JSON, kai kuma ka zuba shi a S3 da put_object. Masu Google Cloud suna da gcloud compute routes list, ko gcloud asset export da yake rubutawa kai tsaye a Cloud Storage. Masu Azure kuma su duba az network nic show-effective-route-table, domin shi ne yake nuna hanyoyin da katin sadarwar injin yake bi a zahiri, har da waɗanda BGP ya kawo.