Me ya sa ake raba takwas biyu a wasan blackjack?

Tambaya: Malam, a darasin lissafin yiwuwa na ci karo da misalin wasan karta na blackjack. Wai idan aka ba ɗan wasa takwas biyu, gara ya raba su ko da katin da ke buɗe na mai rabo, wato mai raba karta na gidan caca, goma ne. Ba ƙara zuba kuɗi a rami ke nan ba?

Amsa: Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, don haka lissafin kawai zan warware maka.

Manufar wasan ita ce ka fi mai rabo kusa da 21 ba tare da ka zarce ba. Idan katunanka biyu na farko darajarsu ɗaya, an yarda ka raba su gida biyu, ka ɗora wa gida na biyu kuɗi daidai da na farko, kowanne a ƙara masa kati.

To, takwas biyu 16 ke nan, kuma babu hannun da ya kai 16 muni. Ka tsaya, mai rabo na iya cinye ka da 17 kacal. Ka nemi ƙari, duk katin da ya haura biyar ya kashe ka. Ka tuna a karta 52, guda 16 darajarsu goma ce. Da ka raba, kowane gida zai tashi daga 8, goma na faɗowa ya zama 18.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne zaton rabawar riba take kawowa. A gaban goma ko ka raba asara ce. Kan kowace dala 100 da aka fara zubawa, wanda ya ja kati ko ya tsaya yana asarar kusan dala 54 idan aka daɗe ana wasa, wanda ya raba kuwa kusan 48. Ragin asara kawai ya samu, duk da ya zuba ninkin kuɗin farko.

Ba hasashe ba ne wannan. Wasu sojojin Amurka huɗu, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, su suka fara fitar da tsarin a 1956 da na'urar lissafi ta kan tebur, sannan Edward Thorp ya tace shi da kwamfuta ya wallafa a 1962.

Kati mai alamar A guda biyu ma kullum raba su ake yi, domin A ana ƙirga shi 1 ko 11, don haka a haɗe 12 ne, a rabe kowanne 11. Gidajen caca sun san da haka, shi ya sa yawancinsu kati ɗaya tal suke ƙara wa kowanne, kuma 21 da ta fito ta nan ba a biyanta ladan uku bisa biyu da ake ba wanda ya haɗa 21 da katunansa biyu na farko.

Goma biyu ba a taɓa su. 21 kaɗai ke doke 20, kwaɗayi ne ke sa a raba. Biyar biyu kuma 10 ne mai kyau, a gaban 2 zuwa 9 ninka kuɗin da ka zuba ba tare da raba su ba ya fi.

Wanda ya fi burge ni tara biyu ne. Ana raba su a gaban 2 zuwa 6, da 8 da 9, amma a gaban 7 tsayawa ake yi. Dalili kuwa, mai rabo da ya nuna 7 sau da yawa goma ce a kife, dokar wasa ta tilasta masa tsayawa a 17, kai kuma 18 na hannunka.